Madubi Ya Hau Bai Sauko Ba: Tarihin Kyamarar Fim Da Masu Gyaranta A Sakkwato

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta isar su sauraron murya, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Bari in fara da abin da zai ɓata wa wasu rai. Hoton nan da ake ta turawa a WhatsApp da Facebook ana cewa na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ba nasa ba ne, kuma ba zai yiwu ya zama nasa ba. Shehu ya rasu a 1817. Ɗansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a 1837. Ita kuwa fasahar ɗaukar hoto sai a 1839 aka bayyana wa duniya ita a ƙasar Faransa. Ko Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shigo Sakkwato a 1853, fensir da takarda ya riƙe. Surorin da ke cikin littafinsa zanen hannu ne. To a yau da kwamfuta ke ƙirƙiro fuskar mutum cikin daƙiƙa biyar, har da rawani da tasbaha, hoton gaskiya ya ƙara tsada. Kuma da yawa daga cikin hotunan gaskiya na garin nan suna cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunan kakanninmu, tare da kyamarorin da suka ɗauke su.

Saƙonni sun zo mana daga matasa da suka tsinci irin waɗannan kyamarori a kayan gado. Kusan duk kuka ɗaya suke yi: hannun jan fim ya ƙi motsi, an danna maɓalli shiru, an leƙa ta tagar dubawa ba a ganin komai sai duhu. Wani ma har ya ce zai kai wa 'yan gwangwan. Dakata tukuna, ɗan uwa. Bari mu ga ta inda abin nan ya biyo ya iso gidanku, sannan mu buɗe cikinsa.

Asalin dabarar tsohuwa ce. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya yi bayani a Kitabul Manazir yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar huda ya zana surar abin da ke waje a bango, kai a ƙasa. Duk kyamarar duniya wannan ɗakin ne aka ƙanƙance. Abin da ya rage wa mutane shi ne abubuwa biyu: abin da zai kama surar ya riƙe ta, da kuma ƙofar da za ta bar haske ya shiga gwargwadon buƙata ta rufe. Na farkon shi ne fim. Na biyun shi ne shata. Ba Alhaji Mamman Shata nake nufi ba, Allah Ya jiƙansa, wannan shatan ba ya waƙa, buɗewa da rufewa kawai ya iya. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak a Amurka, a 1900 kamfaninsa ya fito da Brownie a kan dala ɗaya, hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga jakar matafiya da sojoji.

A jakar sojojin ya fi shigo mana. Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawan Ingila ta ci Sakkwato a yaƙin da aka yi a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka cim masa a Burmi a watan Yuli na shekarar, ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Littattafan tarihi sun ruwaito cewa Turawa sun ɗauki hoton gawarsa suka yaɗa, don mutane su sakankance ya mutu su daina bin sahunsa. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Ga mutanen wancan zamani, akwatin nan mai ido ɗaya ya zo ne a hannun wanda ya ci su da yaƙi. Don haka in kaka ta ga kyamara ta ja mayafi ta juya baya, kar ka ce ƙauyanci ne kawai. Akwai kunya, akwai addini, akwai kuma tarihi.

Sannu a hankali fada ta saba da abin. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya je Ingila tare da Sarkin Gwandu Usmanu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 'yan jarida suka yi ta ɗaukar su. A wannan shekarar ce kuma ya kai ziyara Argungu, ziyarar da ta zama mafarin bikin kamun kifi yadda muka san shi, wanda daga baya ya zama wurin da masu kyamara daga ko'ina ke tururuwa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, jarida ta saba wa mutane da ganin fuskar shugabanni a takarda. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara hamsin a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988, saboda haka in ka jera hotunansa kaɗai za ka ga tarihin kyamara gaba ɗaya, daga baƙi-da-fari mai hazo har zuwa mai launi. Sardauna kuwa ya san amfanin hoto sarai. Ranar da Arewa ta samu mulkin kanta ma, 15 ga Maris 1959, ranar faɗuwar Sakkwato ce shekara 56 baya, kuma bukukuwan da suka biyo baya a Kaduna suna nan a hotuna.

Malamai ba su yi shiru ba. An daɗe ana muhawara kan ko hoton kyamara ya shiga cikin surantawar da aka hana. Muftin Masar, Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana cewa wannan kama inuwa ne, kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. Wasu malaman ba su yarda ba, har gobe ma akwai masu ƙyamar abin sai da larura. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da na sani shi ne larurar ce ta yi ta ƙaruwa: fasfon aikin Hajji, lasin tuƙi, takardar jarrabawa, neman aikin gwamnati. Wanda bai taɓa son hoto ba ya wayi gari a kan benci yana jiran mai hoto.

Shi mai hoton farko da talaka ya sani, akwatin katako gare shi mai ƙafa uku, yana kafa shi kusa da gidan waya ko kotu ko tashar mota. Cikin akwatin akwai 'yan kwanonin magani, akwai hannun riga na baƙin ƙyalle da yake zura hannunsa ciki. Abin da zai ba ku mamaki, kyamararsa ba ta da shata ko kaɗan. Hannunsa ne shata. Zai ce maka kar ka motsa, ya cire murfin ido, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Sai ya wanke takardar a cikin akwatin, ta fito a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ya kafa ta gaban ido ya sake ɗaukar ta, ta dawo daidai. Minti kaɗan a miƙo maka hotonka da danshinsa. Irin wannan kyamara ba ta maƙalewa, domin babu abin da zai maƙale. In ta tsage kafinta ne likitanta.

Yawancin waɗanda suka fara buɗe situdiyo a garuruwan Arewa 'yan Kudu ne, Yarbawa da Ibo, kuma a hannunsu yaran gari suka koyi sana'ar, daga share shago da riƙe fitila har a kai ga shiga ɗakin duhu. Yarbawa masu hoto sun bazu har Yamai da Abijan. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa Ibo da yawa sun koma gida, sana'o'i da dama suka samu giɓi, 'yan gari suka shiga. A daidai lokacin kuma Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka yi Jihar Sakkwato a 1976. Ma'aikata suka cika gari, ɗalibai suka zo, kuɗin fetur da na Udoji suka shiga aljihu. Wanda ya sayi Vespa da rediyo, abu na gaba da ransa ke so shi ne kyamara a wuya. Alhazai suna dawowa da ita daga Jidda cikin tsaraba. Ɗaliban da suka je karatu Tarayyar Sobiyet suna dawowa da Zenit, mai nauyi kamar dutsen niƙa.

Irin kyamarar da ta yi tashe a lokacin ita ce mai madubi a ciki, kuma ita ce yau take hannunku. Matsalar da aka ƙirƙire ta don ta warware ita ce: ta yaya mai hoto zai ga ainihin abin da idon kyamara ke gani? Sai aka sa madubi a karkace tsakanin ido da fim. Haske ya shigo, madubi ya tura shi sama, wani dunƙulen gilashi mai kusurwoyi ya miƙe surar ya kawo ta idonka. Jamusawan birnin Dresden ne suka fito da Kine Exakta a 1936. A irin na farko, in ka ɗauki hoto madubin yana hawa ya zauna a sama, duhu ya rufe ka, sai ka ja fim na gaba ya sauko. Kamfanin Asahi na Jafan ne a 1954 ya yaɗa madubin da ke dawowa da kansa nan take. Daga nan Nikon F ta fito a 1959, Pentax Spotmatic a 1964, Zenit-E a 1965, sai Canon AE-1 da Pentax K1000 duk a 1976, Yashica FX-3 kuma a 1979. In ka duba goshin wadda ka tsinta, da wuya ka rasa ɗaya daga cikin sunayen nan.

To yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne zuciyar maganar. Lokacin da ka ja hannun fim da babban yatsa, aiki uku ka yi a tare: ka matsar da fim gaba, ka naɗe labulen shata, ka ɗana sifirin ɗin madubi, kamar yadda maharbi ke ɗana tarko. Shatan irin wannan kyamara labule biyu ne a gaban fim, a wasu na ƙyalle mai roba da ke gudu a kwance, a wasu na siraran ƙarafa da ke gudu daga sama zuwa ƙasa. Da ka danna maɓalli, madubi ya yi sama. Isarsa sama ita ke sakin labule na farko, ya buɗe. Bayan ɗan lokacin da ka zaɓa, labule na biyu ya biyo shi ya rufe. Isar labule na biyu ƙarshen tafiyarsa ita ke bugun wani ɗan ƙarfe da ke sako madubi ƙasa, ta kuma buɗe makullin hannun jan fim. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. In ka sa gudun kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, labule na biyu ba ya ma jiran na farko ya isa, 'yar tsaga ce kawai tsakaninsu take share fuskar fim ta wuce.

Kun ga ke nan kowa jiran ɗan uwansa yake. In labule na biyu ya gaji a hanya, ko da saura kaurin farce ya isa, ba zai bugi ƙarfen nan ba. Madubi ya zauna a sama, tagar dubawa ta yi duhu, hannun fim ya kulle. Kai kana ganin abu uku sun lalace, alhali abu ɗaya ne bai ƙarasa aikinsa ba. Shi kuma me ke gajiyar da shi? Man giris ɗin da aka sa a masana'anta shekara arba'in ko hamsin da suka wuce. Injiniyan da ya zaɓi man nan a Tokiyo bai taɓa zama a Mabera a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, balle ya san abin da cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano ke zama da azahar. Zafi ya busar da man, hunturu ya zo da ƙurar nan mai laushi kamar garin kwalli ta shige ta kowace kafa, su haɗu su zama kamar ƙaro. Abu ɗaya da yanayinmu ya yi mana alheri a kai shi ne fumfuna. Ita ke cinye gilashin kyamarori a Legas da Fatakwal, a nan kuwa rashin laima ya rage mata ƙarfi.

Akwai kuma soso. A saman inda madubi ke bugawa an liƙa wani siririn soso baƙi don ya tare bugun. In ya tsufa narkewa yake ya zama kamar kwalta, madubi ya hau ya manne. Kowace irin kyamara kuma da ciwon gidansu. Canon AE-1 ba ta ko motsi in babu batir ɗinta mai bolt 6, kuma in man wani gurbi a injin madubinta ya bushe tana wani kuka kamar tarin akuya. Wasu Nikon da Olympus masu lantarki, in batir ya mutu, madubi ne ke hawa ya tsaya, ka sa sabon batir ko ka juya maɓallin gudu zuwa inda ba ya buƙatar wuta, ya sauko abinsa. Yashica FX-3 da 'yan uwanta Contax an san su da zamewar madubi: gam ɗin da ya riƙe shi ya yi laushi, ya zamo ƙasa kaɗan, bakinsa ya riƙa bugun bayan ido. Zenit kuwa sau da yawa agogon ɗaukar kai ne, wato ɗan hannun gaba da ke ba ka daƙiƙoƙi ka ruga ka shiga hoto. Yaro ya murɗa shi ya tsaya a rabi, ya riƙe komai.

Su wa ke gyara waɗannan a Sakkwato? Babu makarantar da ta koyar da su. Mafi yawansu daga gyaran agogo suka faro, wasu daga rediyo, domin wanda ya iya haƙoran agogon hannu da hantsaki da gilashin ido ɗaya, cikin kyamara fili ne a wurinsa. Kayan gyara kuma ba oda ake yi ba. Gawar wata kyamara ita ce kantin kayan wata.

Na taɓa kai kyamarar kawuna wurin wani dattijo irin waɗannan, can wajen Tsohuwar Kasuwa, a wata 'yar rumfa da agogunan bango suka fi kwastomomi yawa. Ya karɓa da hannu biyu, ya jijjiga ta kusa da kunnensa, bai taɓa hannun fim ba.

"Wa yat taɓa ta?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Yadda aka ciro ta daga akwati ke nan."

"Madalla. Wadda anka taɓa ita ka ba ni wahala. Wagga ba mutuwa tay yi ba, kwana takai."

Abu na farko da ya yi, ya danna ɗan maɓallin ƙasa ya murɗa hannun mayar da fim a hankali, yana jin ko akwai nauyi. Da ya tabbata babu fim sannan ya buɗe baya. Ya cire ido, ya leƙa. Ya kwance ƙananan sukurorin farantin ƙasa ya zuba su a murfin gwangwanin madara. Ya daɗe yana kallo kawai, har na fara tunanin ko ya manta da ni. Can ya sa bakin hantsaki ya ɗan taɓa wani ƙarfe da bai kai tsinken ashana ba. Ƙwas! Madubi ya faɗo.

Na ce, "Baba, shi ke nan?"

Ya yi dariya. "Yaro ke nan. Tashe ta niy yi, ban ba ta magani ba tukuna. In ka tahi da ita haka, gobe ta koma."

Maganin shi ya ci awa biyu. Ɗigon man laita a kan gindin ƙafafun labule, ya ɗana ya harba, ya goge baƙin da ya fito, ya sake, har ya daina fitowa. Sannan man agogo a bakin allura, ɗigo ɗaya wanda da ƙyar ido ke ganinsa, a wurare biyu ko uku kacal. Ruɓaɓɓen soson ya kankare shi da tsinke, ya yanko siririn baƙin ƙyalle mai gashi ya liƙa a madadinsa. Gwajinsa kuma ba na'ura. Ya sa gudun daƙiƙa ɗaya ya saurara yana kallon agogon hannunsa. Ya buɗe baya ya ɗaga ta sama yana harbawa yana kallon hasken da ke wucewa. Ya ce da can gaban talabijin mai ƙeya suke gwada gudu mai sauri, domin layukan allon suna nuna faɗin tsagar labule. Da na tambayi kuɗin aiki, abin da ya faɗa bai kai kuɗin data na sati ba. Na tambaye shi yaransa nawa suka koya. Ya ce duk sun koma gyaran waya, kuma bai ga laifinsu ba.

Kar ku raina wannan sana'a. A Bamako akwai Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016. Duniya ta san shi da hotunan samari da 'yan matan Mali na shekarun 1960, har ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Banis a Italiya a 2007. Amma mutanen unguwarsu sun san shi da gyaran kyamara, kantocin shagonsa cike suke da tsofaffin kyamarori. Lokacin da injinan wanke hoto mai launi suka kashe kasuwar baƙi-da-fari, gyaran ne ya riƙe shi. Kuma a farkon shekarun 1990, da wani Bafaranshe ya zo Bamako da kwafin wasu tsofaffin hotuna marasa suna yana cigiyar mai su, Sidibé ne ya kalla ya ce aikin Seydou Keïta ne. Aka je aka tarar Keïta ya adana dubban nagatif ɗinsa. Yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da ya raba Bamako da garuruwanmu a wannan fanni ba gwaninta ba ce, ajiya ce. Na sha jin situdiyon da aka rufe, magada suka share nagatif buhu-buhu suka zubar ko suka ƙona, saboda a ganinsu shara ce. A cikin irin buhunan nan akwai hawan Sallah a Kanwuri, akwai sukuwa, akwai 'yan makarantar da suka zama gwamnoni, akwai fasalin unguwannin da aka rushe aka yi titi.

Faɗuwar kasuwar a hankali ta zo, sannan ta zo gaba ɗaya. Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, fim da takarda da magani duk suka yi tsada, tunda babu wanda ake yi a gida. Masu hoton biki suka riƙa lissafin kowane harbi, fim ɗaya hoto 36, gwani ya matso 37 ko 38. Wayar salula ta shigo a 2001, ba a daɗe ba ta yi ido. Abin dariya, injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ita ce kuma ta kai kamfanin ga neman kariyar fatara a 2012. Yanzu kuma abin ya juyo, matasa a Turai da Amurka da Asiya suna rububin fim, har Pentax ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024. Tsohuwar da kake shirin ba 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe, akwai mai neman ta da dala.

A 2011 ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew ta saki dubban hotunan zamanin mulkin mallaka na Afirka a intanet, tana roƙon jama'a su taimaka da sunayen mutane da wuraren da ke ciki, domin da yawa ba a rubuta ba. Wanda ya ɗauka bai damu da sunan wanda ya ɗauka ba. Hoton da babanka ya ɗauka da Yashica ɗinsa ya fi wannan ta fuska ɗaya: akwai wanda ke raye a gidanku da zai iya cewa wannan wance ce, ranar sunan wane ne, a ƙofar gidan wane.

To ga wanda kyamara ke hannunsa yanzu. Kafin komai, kar ka buɗe bayanta. Mai yiwuwa akwai fim a ciki, kuma sau da yawa abin da ya kulle hannun ma shi ne fim ya ƙare. Danna maɓallin ƙasa, ka murɗa hannun mayarwa ta inda kibiya ta nuna. In ka ji nauyi akwai fim, ka ci gaba har ya saki. Zafin shekaru yana cin fim, mai launi ya fi saurin lalacewa, amma baƙi-da-fari yakan yi taurin rai, kuma daƙiƙa ɗaya ta hasken rana ta isa ta shafe abin da ya jira shekara talatin. Bayan haka sa sabon batir in tana amfani da shi, ka goge gurbinsa in ya yi tsatsa. Duba agogon ɗaukar kai, in ya tsaya a rabi ka lallaɓa shi ya ƙarasa. Cire ido ka leƙa. In madubi na sama, ka taɓa gefensa da farce a hankali, in soso ne ya riƙe shi za ka ji yana ɓanɓarowa, in kuwa ka ji turjiya ta ƙarfe ka ƙyale shi, inji ne ya riƙe shi, aikin farantin ƙasa ne.

Ƙarfi shi ne babban mai kashe kyamara. Haƙoran cikinta na tagulla ne sirara, wasu ma roba, jan hannu ɗaya da zuciya ya isa ya karya su. Na biyunsa man feshi irin na makanikai, da man keken ɗinki, balle man gyaɗa. Ranar farko za ta yi kamar ta warke, bayan wata guda man ya malale kan labule da gilashi ya kama ƙura, an yi gyaran gangar Abzinawa. Kar ka goge madubin da bakin riga, domin azurfarsa a saman gilashi take, ba a baya ba kamar madubin ɗaki, taɓawa kaɗan ta karce. Kar ka sa yatsa a labule. Kar ka liƙa komai da sufa gulu, tururinsa yana sa gilashi hazo. Sukurorin kyamarar Jafan kuma sun yi kama da na sukudireba mai kuros da muka sani amma ba ɗaya ba ne, in bakin bai zauna daram ba kar ka murɗa, za ka cinye kan. Sannan wani abu da ya shafe mu musamman: muddin madubi na sama, babu abin da ya tsaya tsakanin ido da labule. Ka bar ta ba murfi tana kallon ranar Sakkwato, idon zai tara hasken ya huda labulen ƙyalle kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.

In abin ya wuce nan, nemi tsohon mai gyaran agogo, ba mai gyaran waya ba, ka zauna kusa da shi ka kalla, in ya yarda ka ɗauki bidiyon hannunsa. Nagatif ɗin da ka samu a akwatin kuma, riƙe su ta gefe, ka raba su da leda mai gumi, ka sa a ambulan na takarda. Kana iya ganin abin da ke cikinsu yau ɗin nan: buɗe farin shafi a allon wata waya ka ƙure haskensa, ɗaga nagatif ɗin kaɗan a samansa, ɗauka da wayarka, ka juya launin a manhajar gyaran hoto. Kai wa Inna ko Kaka ta faɗa maka sunaye, ka rubuta da fensir a bayan ambulan, har da shekara in an tuna. In ka ga abin da ya shafi gari, sarauta ko kasuwa ko makaranta ko wata tsohuwar ƙofa, ka kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, asalin kuma ya zauna a gida.

Wanda ya gwada, ya ajiye mana hoton kyamarar da sunanta a ƙasan wannan rubutu, za mu duba mu faɗa masa irin batir da fim ɗin da take ci. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu shiga tarihin majigi.